HANNUN SHUGABA A KAN YARO

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako muna so mu yi magana a kan wani abu da manya suke raina wa, alhali kuwa yara ba su manta shi har tsufa, watau ranar da yaro ya yi ido biyu da shugaban da yake jin sunansa a bakin iyayensa.

Mutanen Warra da Ngaski da Shanga da Yawuri sun san abin da hukuncin shugabanni ke yi wa rayuwar talaka. A 1964, zamanin Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, kuma a Fabrairun 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta. Ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka da tsohon garin Bussa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. Yaran wancan lokaci su ne dattawan bakin tafki a yau. Ka zauna da su su yi maka hirar zuwan manyan baƙi. Ba za su iya maimaita maka jawaban da aka yi ba, amma wanda ya sassauta mota ya ɗaga musu hannu, da wanda ya wuce ya bar su da ƙura, wannan kam yana nan a ransu.

To, wannan al'amari yana da asali a cikin addininmu. Imamu Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi, Mahmudu ɗan Rabi'u, wanda ya ce yana tune da ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya guntsi ruwa daga wani guga ya fesa masa a fuska don wasa, shi kuwa a lokacin shekarunsa biyar. Yaron nan ya girma ya zama mai ruwaya. Ta hanyarsa ne aka karɓo hadisin Ubadatu ɗan Samitu da ke nuna salla ba ta inganta sai da Fatiha. Malaman hadisi da yawa kuwa da labarinsa suka kafa hujja cewa ɗan shekara biyar yana iya riƙe abin da ya ji, a karɓa daga gare shi bayan ya balaga. Dubi abin da wasan ɗan lokaci kaɗan ya haifar.

Haka kuma Sa'ibu ɗan Yazidu. Yana ƙarami ya yi rashin lafiya, ƙanwar uwarsa ta kai shi wurin Annabi, ya shafa kansa, ya yi masa addu'ar albarka. Har ila yau yana cikin yaran Madina da suka fita Saniyyatul Wada'i taryen Annabi da ya komo daga Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. An ga Sa'ibu yana da shekara 94 da ƙarfinsa, yana danganta lafiyar jinsa da ganinsa ga waccan addu'a.

Sa'an nan ga Anas ɗan Maliku, wanda uwarsa Ummu Sulaimi ta kawo shi hidima yana ɗan shekara goma. Ya yi shekara goma a gidan Annabi, ya kuma shaida ba a taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Da Anas ya manyanta, in ya iske yara sai ya yi musu sallama, ya ce haka ya ga Annabi yana yi. Shi ne kuma ya ba da labarin ƙanensa Abu Umairu, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun don ya faranta masa rai. A tuna fa, mai yin wannan shi ne shugaban Madina, jagoran runduna, mai karɓar jakadun ƙabilu. Duk nauyin nan bai hana shi kula da baƙin cikin yaro ba. Allah kuwa Ya gaya mana a cikin Suratul Ahzabi, aya ta 21, cewa muna da kyakkyawan abin koyi a wurin Manzonsa.

Yanzu sai mu juyo ga kanmu. Idan babban mutum zai zo gari, yaya muke yi? Tun da hantsi a fitar da 'yan makaranta daga aji, a jera su bakin hanya cikin rana, ba ci ba sha, sai azahar ta gota sa'an nan jerin motoci su wuce a guje da gilashi a rufe. Wani lokaci ma a watso kuɗi ta taga, yara su yi ta turereniya a cikin ƙura. Wane darasi yaron nan ya kai gida? Ya koyi cewa girma shi ne a sa mutane jira, kuma rabon talaka shi ne wawaso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan yaron ya girma ya sami muƙami, kada a yi mamaki in ya yi wa na baya abin da aka yi masa.

Yaran ƙasar nan tamu kuwa sun fi kowa bukatar shugaba ya tsaya a kansu. A watan Mayu 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Warra, mutane masu yawa suka rasu, aka bar marayu. A watan Yuni na wannan shekarar 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai, wasu suka daɗe ƙwarai a hannunsu. Yaron da ya ga irin wannan, manyan da ya sani masu iko biyu ne: mai bindiga a daji da mai mulki a birni. Idan mai mulki bai taɓa zuwa ya zauna da shi ya tambayi sunansa ba, wa zai burge shi? Annabi ya sanar da mu cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ɗan masunci na bakin tafki yana cikin kiwon Gwamna da Shugaban Ƙasa, kamar yadda yake cikin kiwon Hakimi da Mai unguwa.

Sai dai akwai gargaɗi biyu. Na farko, ganin mutumin kirki kaɗai ba ya shiryar da kowa. Ana faɗa a tarihi cewa Yunfa, Sarkin Gobir, ya yi karatu wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙuruciyarsa, amma shi ne ya yaƙe shi a Tafkin Kwatto a 1804, kuma ya rasa ransa a Alkalawa a 1808. Shiriya ta Allah ce. Saboda haka aikin iyaye da malamai ne su yi ta bayar da ruwa ga irin da aka shuka. Idan ɗanka ya dawo da murna ya ce yau ya gaisa da shugaba, ka zaunar da shi ka gaya masa cewa Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne kafin ya yi mulki, kuma karatu da gaskiya ne suka kai shi. Ka karkatar da sha'awarsa daga mota da jiniya zuwa ga halin kirki.

Na biyu, shugaba ya ji tsoron Allah a kan alkawarin da yake yi a gaban yara. In ya ce zai gyara musu makaranta, ko zai kawo rigunan ceto ga masu shiga jirgi, to ya cika. Allah Ya yi fushi da masu faɗin abin da ba su aikatawa, kamar yadda ya zo a farkon Suratus Saffi. Babba yakan yi wa shugaba uzuri, amma yaro in ya kama ka da ƙarya sau ɗaya, ya daina yarda da kai da duk mai irin rigarka.

Kai kuma mai karatu, kada ka ce maganar nan ta masu mulki ce kaɗai. A idon ɗan shekara biyar, limami da malamin aji da sarkin ruwa duk manyan shugabanni ne. Gobe in ka fito masallaci ka iske yara, ka riga su yin sallama. In akwai maraya a cikinsu, ka shafa kansa, ka tambayi karatunsa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba shugabanninmu tausayin na ƙasa da su. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahamatullahi.