ƘURI'A SHAIDA CE: NASIHA A KAN ZAGAYE NA BIYU DA HAƘƘIN MAI ZAƁE

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wataƙila wani ya ce: me ya kawo maganar zaɓe yanzu, alhali an jingine kundin tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, an kuma rusa jam'iyyun siyasa a Maris 2025? Amsa ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin yaƙin neman zaɓe kunnuwa a toshe suke, duk malamin da ya buɗe baki sai a ce na jam'iyya kaza ne. Yanzu da babu tuta babu ganga shi ne lokacin karatu. Akwai kuma ƴaƴanmu da suka cika shekara 18 bayan 2021, waɗanda ba su taɓa shiga rumfar zaɓe ba. Sannan zaɓe bai ƙaura daga cikinmu ba, domin masu gida suna zaɓen maigari, ƴan kasuwa suna zaɓen shugabansu, haka kwamitin masallaci da na makaranta da na famfon ruwa.

MENENE ZAGAYE NA BIYU?

A tsarin da ƙasarmu ta bi bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, ba a naɗa shugaban ƙasa a zagaye na farko sai ya samu fiye da rabin ƙuri'un da aka jefa. In babu wanda ya kai, sai mutum biyun da ke kan gaba su sake karawa. Haka ta faru har sau shida: a 1993, 1999, 2004, 2011, 2016 da 2021. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, irin na 2004 da 2011 da 2020, zagaye ɗaya ne ga talaka: shi yana zaɓen ƴan majalisa, su kuma su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu.

Hikimar zagaye na biyu ita ce kada ƴan kaɗan su ɗora wa masu yawa shugaba. A watan Fabrairu 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya da kashi 34 cikin ɗari, Mahamane Ousmane ya bi shi da kusan kashi 27. Da aka koma ranar 27 ga Maris, Ousmane ne ya ci da kashi 54. Ke nan hukunci yana zagaye na biyu. Abin takaici, a wannan shekarar kusan mutum biyu cikin kowane uku da ke da suna a rajista ba su fita ba.

Tankaɗe ƴan takara har su koma biyu ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta tarihin Musulunci. Da aka soki Sayyidina Umar (R.A.) a shekara ta 23 bayan Hijira, ya bar al'amari shawara tsakanin sahabbai shida: Usman, Ali, Ɗalha, Zubairu, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Abdurrahman ɗan Aufu. Huɗu suka janye, saura Usman da Ali, Allah Ya yarda da su baki ɗaya. Abdurrahman bai ce tunda saura biyu aiki ya yi sauƙi ba. Kwana uku ya yi yana zagaya Madina yana jin ra'ayin mutane, barci sai kaɗan, har malaman tarihi suka ruwaito cewa ya nemi ra'ayin mata da ke cikin gidajensu. Ba muna cewa wancan da wannan abu ɗaya ne ba, sam. Darasin shi ne: idan zaɓi ya koma tsakanin biyu, nauyi ƙaruwa yake yi.

CUTUTTUKA UKU

Ku sani, Allah Ya yi mana gafara, jefa ƙuri'a shaida ce. Mai jefa ta yana cewa: na shaida wannan ya fi wancan cancantar riƙe amanar jama'a. A aya ta 283 ta Suratul Baƙara Allah Ya hana ɓoye shaida, Ya kuma jingina zunubin ɓoye ta ga zuciya. A aya ta 135 ta Suratun Nisa'i Ya umurce mu da tsayar da shaida saboda Shi, ko da za ta faɗa a kanmu ko iyayenmu ko danginmu. Cututtuka uku ne ke kama wannan shaida a zagaye na biyu.

Ta farko ita ce zama gida. Mutum ya ce: nawa ya faɗi, sauran biyun duk ɗaya ne. A zaɓen ƙarshe da aka yi, masu fita sun ragu daga kusan kashi 70 cikin ɗari a Disamba 2020 zuwa kusan kashi 63 a Fabrairu 2021. Mun san akwai malamai da ke ganin a nisanci zaɓe gaba ɗaya, kuma ba mu zargin niyyarsu. Amma ƙa'ida ce sananna ga malaman fiƙihu cewa in cuta biyu suka haɗu ba makawa, sai a ɗauki mafi sauƙi don a ture mafi girma. Zamanka gida ba ya hana ɗayan biyun hawa. Abin da yake hanawa kawai shi ne a ji ta bakinka. A aya ta 26 ta Suratul Ƙasasi an ambaci siffofi biyu na wanda ya dace a ba aiki: ƙarfi da amana. Ka auna su biyun da wannan ma'auni, ka ba wanda ya rinjaya ko da da ƙwayar gero ce.

Ta biyu ita ce bin jagora ido rufe. Tsakanin zagaye biyu manyan jam'iyyu kan zauna su ƙulla ƙawance, sai saƙo ya iso gari: jagora ya ce a zaɓi wane. Sauraron shawararsa ba laifi ba ne. Amma ku dubi tarihi. A 1993 Mahamadou Issoufou ya mara wa Ousmane baya a ƙawancen AFC. A Satumba 1994 ƙawancen ya watse. A 1999 Ousmane ya mara wa Tandja baya a kan Issoufou. Ƙawancen manya yana ƙulluwa yana kwancewa, amma shaidar da ka bayar tana nan cikin littafinka, kuma ranar hisabi ba jagora za a tambaya a madadinka ba.

Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce sayar da ƙuri'a. Da yake a zagaye na biyu kowace ƙuri'a tana da tsada, sai ka ga ana bin gidaje da dare da turmin atamfa da sabulu da sukari da jika biyu ko biyar. Ya tabbata a hadisi cewa da Manzon Allah (S.A.W.) yake lissafa mafi girman zunubai, yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Ya tabbata kuma cewa cikin mutum uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar ƙiyama akwai wanda bai yi wa shugaba mubaya'a ba sai don abin duniya. Wasu kan ce: karɓi kuɗinsu ka zaɓi wanda kake so. Wannan ma yaudara ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sayi kujera da kuɗi, daga kuɗin rijiya da na magani zai mai da uwar kuɗinsa.

HAƘƘIN MAI ZAƁE

Shaida ba ta inganta sai mai ba da ita yana da ƴanci. Ga abin da kundin tsarin mulki na 2010 da dokar zaɓe suka tanada a zamaninsu, kuma shi ya kamata mu nema a duk dokar da za ta zo:

1. Kowane ɗan ƙasa, namiji ko mace, da ya cika shekara 18 yana da ƙuri'a ɗaya. Ta attajiri da ta mai tallan ruwa nauyinsu ɗaya.

2. Zaɓe sirri ne. Ba maigari, ba malami, ba uban gida da ke da ikon shiga bayan labule tare da kai, ko ya rantsar da kai da Alƙur'ani a kan wanda za ka zaɓa.

3. Ƙuri'ar mace tata ce. Miji yana iya ba ta shawara, amma riƙe katinta ko tilasta ta zalunci ne. Mu tuna da shawarar Ummu Salama (R.A.) ce aka warware damuwar sahabbai ranar Hudaibiyya.

4. Katin zaɓe kyauta ne, kuma amana ce a hannun mai shi: ba a jinginar da shi, ba a tara shi a hannun wani. Wanda ke cikin rajista a zagaye na farko yana cikinta a na biyu, ko da bai fita a na farko ba.

5. Makaho da mai naƙasa suna da damar a taimake su wajen jefa ƙuri'a, kuma mai taimakon ya ji tsoron Allah, kada ya karkatar da hannunsu.

6. Ana ƙidaya ƙuri'u a rumfar da aka jefa su, gaban wakilan ƴan takara. Wanda ke da ƙara, kotu ce hanyarsa, ba ƙona taya ko rumfar maƙwabci ba.

Kada mu ɗauki wannan haƙƙi da arha. Ranar 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu, ma'aikatan hukumar zaɓe bakwai suka rasa rayukansu a jahar Tillaberi da motarsu ta taka nakiya, suna kan aikin da zai ba wasu damar jefa ƙuri'a. Allah Ya jiƙan su.

KIRA

Ya ku limamai da malaman makarantun allo da na dare, ku karantar da wannan babi kamar yadda kuke karantar da babin shaida da na amana. Ya ku iyaye, ku fara daga ƙaramin zaɓen da ke gabanku, na maigari ko na kwamiti, domin wanda ya sayar da shaidarsa a kan famfon unguwa ba zai tsare ta a kan ƙasa ba. In an ƙare zaɓe kuma, wanda ya zaɓi wancan ɗan'uwanka ne, sahu ɗaya za ku tsaya da asuba, kuma shi zai ɗauki makararka.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa masu tausayinmu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.