Tsakanin "Zamna" da "Zauna"

Wata safiya ina gabatar da shiri kai tsaye, na ce wa baƙona, "Bismilla, zamna." Ba a yi minti goma ba wani mai saurare ya bugo waya, ya ce ya gaji da ƴan rediyo masu ɓata Hausa, wai "zauna" ake cewa. Na ba shi haƙuri muka wuce. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don da "zamna" mahaifiyata ta rene ni a Maraɗi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ba ta iya Hausa ba.

Masana kimiyyar harshe kashi biyu ne. Akwai masu bin diddigin harshe don su gane yadda yake aiki, ba ruwansu da ko binciken zai yi wa wani amfani gobe. Akwai kuma masu ɗaukar wannan sani su shiga da shi aji, ko ɗakin fassara, ko wurin tsara ƙamus da ƙa'idojin rubutu. Na farko yana bayyana abin da mutane ke faɗi. Na biyu dole ya zaɓi abin da za a rubuta a allo.

Da na kai ƙarata wurin kashin farko, sai na tarar an daɗe da yanke hukunci. Tun wajajen 1928 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cewa wasu baƙaƙen Hausa kan raunana idan suka zo a ƙarshen gaɓa. Shi ya sa muke da "talaka" amma "talauci": k ce ta narke ta koma u. Haka "sabka" ta zama "sauka", "amre" ta zama "aure", "zamna" ta zama "zauna" a bakin mutanen gabas, Kano da kewayenta, alhali mu na yamma muka riƙe tsohuwar siga. Ashe wadda aka ce na ɓata ita ce uwa, wadda aka gyara mini ita ce ƴa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai dai jin daɗin bai kai ni ko'ina ba. Mai nazari yana iya cewa duk karin harshe daidai yake, ya rufe littafinsa ya tafi gida. Malamin da ke gaban yara sittin ba shi da wannan hutu. Wanda zai buga littafin karatu ba zai buga shi sau bakwai ba. Shi ya sa aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, don a daidaita rubutu, kuma daidaitacciyar Hausa ta jingina da karin Kano. Zaɓi ne, kuma kowane zaɓi akwai wanda ya biya kuɗinsa. A nan yaron Tawa ne ya biya, wanda zai ga an ja jan biro a ƙarƙashin kalmar kakarsa.

Ga wani zaɓin da ni nake biya kullum. Masana sun san Hausa na rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya, don a sauƙaƙa wa mai koyo da mai bugawa. A ba ni takarda an rubuta "shugaba ya sauka". In na ja "ya" na ɗaga murya, na ba da labari: mutumin ya bar kujera. In na gajarta ta na sauke murya, na yi kira ne a gare shi da ya bar ta. Haruffa ɗaya, amma ɗaya labari ce, ɗaya na iya sa a rufe gidan rediyo.

Ban ga laifin masu zaɓi ba. Wani dole ya yi shi. Inda nake ganin laifi shi ne a manta cewa zaɓi ne, a mai da yarjejeniyar da mutane suka ƙulla a zauren taro ta zama ma'aunin wanda ya iya harshen uwarsa. Mai sauraren nan ba mugu ba ne. An koya masa ƙa'ida ba a koya masa dalilinta ba, kuma dalilin yana kwance a littattafan da aka rubuta da Jamusanci da Ingilishi, waɗanda ba a taɓa nufin shi da su ba. Wannan bashi ne a wuyan masu nazari: daga bakin mutane suka kwashi misalan, amma sakamakon bai dawo wa mutanen ba.

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, tambayar ta bar teburin malamai. Za a rubuta takardun hukuma, za a horar da malamai, kuma wani zai yanke wace Hausa ce za ta shiga jarrabawa.

Ni dai yanzu in zan karanta labarai, "zauna" nake cewa, kuma kafin in shiga ɗakin shiri nakan bi takardar da biro in sa alama a kan kowane "ya". In hira ce da baƙo, "zamna" nake ce masa. Mutumin nan ya sake bugowa sau biyu.