Ƙyamar Baƙon Abinci: Tsakanin Sabo da Hukunci

Daga cikin tambayoyin da malaman addini da masana falsafa suka yi tarayya a kansu akwai matsayin ɗanɗano, wato shin abin da harshe ya ƙi aibi ne a jikin abincin, ko kuwa shaida ce kawai a kan inda mai harshen ya tashi. Miyar cili ta Amurka, wadda ake haɗawa da naman sa da jan barkono, misali ce mai kyau, domin kowane yanki yana da irin tasa kuma yana kishinta. Mutanen jihar Teksas, waɗanda majalisarsu ta ayyana cili a matsayin abincin jiha a 1977, sun saba da mai kauri da yaji, har da yawansu suna ganin zuba mata wake ɓata ta ne. A birnin Sinsinati na jihar Ohayo kuwa, wasu 'yan'uwa biyu baƙi daga Masedoniya sun buɗe gidan abinci na Empress a 1922, inda suka fito da cili mai ruwa-ruwa mai ƙamshin kirfa da kanumfari, wadda ake malalawa a kan taliya, a tula mata gogaggen cuku har ya rufe faranti, wanda ya so kuma a ƙara masa albasa da wake.

Idan mutumin Teksas ya shiga irin wannan gida ya kai loma baki ya yamutsa fuska, abin da ya ji gaskiya ne, amma kuskure yana shigowa ne a lokacin da ya mayar da jinsa hukunci a kan masu girkin da masu ci. Musulunci ya bambanta waɗannan biyu tun da wuri, domin ya tabbata a Bukhari cewa an kawo gasasshen damo gaban Manzon Allah (SAW) a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa, da Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne sai ya nuna ba haramun ba ne, illa dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba, Khalid kuwa ya jawo ya ci a gabansa. Haka kuma Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Saboda haka, muddin naman halal ne, ƙyama hakkin mai ita ce, amma ba ta zama hujja a kan wani.

Wannan ba ya nufin duk girki ɗaya ne, domin David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotilan, ya nuna a maƙalarsa ta 1757 cewa hukuncin ɗanɗano yana inganta ne ga wanda ya yawaita gwaji da kwatantawa, ya kuma kuɓuta daga son zuciya. Wanda ya ɗanɗana cilin Sinsinati sau ɗaya, yana auna ta da ma'aunin garinsu, bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, don haka abin da ya wajaba a kansa shi ne ya ci ko ya bari cikin ladabi, ya kuma kame bakinsa daga raina abincin da wasu bayin Allah suka tashi a kansa suna gode wa Ubangiji.