Injin Caca Na Ingila Da Wayar Da Ke Aljihunka



Ya ku samarin Musulmi, yau labarin wata ƙasa mai nisa za mu ɗauko muku, watau Birtaniya. Kada wani ya ce ina ruwanmu da su. Ku dai saurara tukuna.

A shekarar 1961 hukumar ƙasar ta ba da izinin buɗe shagunan caca a bakin titi, inda mutum zai shiga ya zuba kuɗi a kan tseren doki ko na karnuka. Ana nan har wajen 2001 wani inji ya fara cika shagunan nan, Turawa suna ce masa FOBT. Akwati ne mai fuskar talabijin, a ciki ana nuna faifai mai gida 37, daga sifiri zuwa 36, ƙwallo yana zagayawa har ya faɗa gida ɗaya. Dokar caca ta 2005 ta yarda mutum ya zuba har fam 100 a juyi guda, juyin kuwa daƙiƙa 20 ne kacal.

To, ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Fam 100 a daƙiƙa 20, fam 300 ke nan a minti ɗaya, fam 18,000 a awa ɗaya. In ka zaɓi gida ɗaya ka dace, ninki 35 za a ba ka, alhali gidajen 37 ne. A wannan ɗan gibin ribar mai shago take, kimanin fam 2 da digo 7 cikin kowane ɗari. Ka ga kamar ba komai ba ne, ko ba haka ba? Amma wanda ya zauna awa ɗaya yana zuba ɗari-ɗari, abin da lissafi ya ce zai rasa ya kusa fam 500. Mai inji ba ya buƙatar ya yi maka maguɗi. Abin da yake so kawai shi ne ka daɗe a kan kujera.

Dokar ta ce kada shago ɗaya ya wuce inji huɗu. Sai masu shagunan suka ce ai da sauƙi, suka dinga ƙara buɗe rassa kusa da juna, galibi a unguwannin talakawa. A ƙaramar hukumar Newham ta gabashin Landan, inda wajen kashi ɗaya cikin uku na mazauna Musulmi ne, shagunan sun haura 80. Injinan suka zarce 30,000 a ƙasar, suna cinye wajen fam miliyan 1,800 daga aljihun mutane kowace shekara. Kuɗin haya ne wannan, da kuɗin cefane, da albashin da bai kai gida ba.

A 2014 Newham ta jagoranci ƙananan hukumomi fiye da 90 suka roƙi gwamnati ta mai da fam 100 ɗin nan fam 2. A 2017 majalisar Cocin Ingila ita ma ta goyi bayan haka. Gwamnati ta amince a watan Mayu 2018, amma daga baya ta ce ba za a fara ba sai Oktoba 2019. Nan ne ministar wasanni, Tracey Crouch, ta ajiye aikinta a Nuwamba 2018 saboda wannan jan ƙafa. Mu faɗi gaskiya ko a kan wa ta faɗa: matar nan ba Musulma ba ce, amma ta bar kujera don kada a ƙara wa talaka wata shida na hasara. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya haka? Gwamnati ta ji nauyi, doka ta fara aiki ran 1 ga Afrilu 2019.

Masu shagunan kuwa tun da fari kukansu ɗaya ne, wai za a rufe shaguna, ma'aikata su rasa abinci. Kuma an rufe ɗin. A Yuli 2019 kamfanin William Hill ya ba da sanarwar rufe wajen 700. Kafin dokar shagunan sun fi 8,000, zuwa 2023 sun dawo kimanin 6,000, ko da yake annobar korona ita ma ta taimaka.

Wannan hujja ta aikin yi, 'yan'uwa, ba sabuwa ba ce, kuma ba mu yi mata dariya ba, domin wanda ya rasa albashi yana da iyali. Alƙur'ani ma bai musa cewa akwai wani amfani a caca ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an ambaci amfanin, sa'an nan aka bayyana cewa zunubin ya rinjaye shi. Larabawan Jahiliyya raƙumi suke yankawa su yi ƙuri'a da kibau goma, bakwai masu rabo, uku ba su da komai, wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin raƙumi, naman kuma sau da yawa matalauta ake ba. Cacar da ake ciyar da miskinai da ita ke nan, duk da haka Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, ta jera ta da giya da gumaka, ta umurce mu da nisantarta, ta faɗi dalili: gaba tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. To ina ga wadda ake tatsar miskinan da ita?

Saboda haka ku fahimta. Rage fam 100 zuwa 2 alheri ne, ya tsare gidaje da yawa, muna yaba wa waɗanda suka tsaya a kai. Amma ƙaramar caca caca ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, da baki kawai, an umurce shi ya yi sadaka. Ko sisi bai zuba ba tukuna.

Sa'an nan da aka rufe shago, caca ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Ta koma cikin waya, inda babu ƙofar da ake kullewa da dare, babu maƙwabcin da zai gan ka kana shiga. Dole hukumar Birtaniya ta sake bin sawunta: a 2020 ta hana yin caca da katin bashi, a 2025 ta sa iyaka a kan injinan caca na intanet, fam 5 a juyi ga mai shekara 25 zuwa sama, fam 2 ga 'yan 18 zuwa 24. Ku lura da waɗanda aka fi ji wa tsoro. Sa'o'inku ne.

Mu ma nan mun taɓa ganin irin wannan. Tambayi mahaifinka labarin kalo-kalo, injin da gwamnatin soja ta haramta a Nijeriya a 1977. A 2024 kuma Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. Madalla. Amma Hisba ba za ta shiga ɗakinka da ƙarfe biyun dare ta duba abin da kake latsawa ba. Wannan naka ne.

Ya kai saurayi, in kana ciki, ka goge abin nan daga wayarka yau, kafin wasan ƙarshen mako. Abin da ka rasa ka haƙura da shi, kada ka ce bari in yi sau ɗaya in mai da kuɗina, domin lissafin da muka yi ɗazu bai canza ba. In akwai bashi a kanka, ka rubuta shi, ka faɗa wa babban wanka ko wani malami da ka amince da shi, ka fara biya da guminka ko da kaɗan-kaɗan ne. In kuwa aiki kake yi a irin shagon nan, ka fara neman wata sana'a tun yanzu, mu kuma masu hali a cikinmu, in ya zo neman koyon aiki kada mu kore shi.