Saƙon Manya A Hannun Yaro

A yawancin makarantun firamare na ikkilisiya, rana tana farawa ne kafin ƙarfe takwas. Yara su share fili, a buga ƙararrawa, su jeru aji aji a gaban majami'a. A yi waƙa, a yi addu'a, a maimaita ayar haddacewa ta mako, malamai su bi layi suna duba farce da gashi. Daga nan sai shugaban makaranta ya fito da sanarwa. Wanda ya kasa kunne da kyau zai lura cewa rabin sanarwar nan ba ta yara ba ce, ta iyayensu ce. A gaya wa Baba akwai taron iyaye da malamai ranar Asabar. A gaya wa Mama kowa ya zo da tsintsiya gobe. Yaro shi ne gidan waya na makaranta, jakarsa kuwa ita ce akwatin wasiƙa.

Wannan ba abin zargi ba ne. Aike yana cikin tarbiyya tun kaka da kakanni, yaron da ya iya riƙe saƙo ya kai shi yadda aka ba shi ya fara koyon amana ke nan. Sai dai ba dukan saƙo ne ya dace da kafaɗar yaro ba. Akwai wanda yake fitowa a mako na uku ko na huɗu na zangon karatu, sa'ad da ake buɗe littafin kuɗi a gaban taro, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, a ce waɗanda suka ji sunansu su ɗauki jaka su koma gida, kada su dawo sai da takardar shaidar biya. Abin ya zama ruwan dare har ba a cika tambaya a kansa ba. Duk da haka tambayar tana nan: daidai ne makarantar da take ɗauke da sunan Almasihu ta aika wa uba da saƙon bashi ta wurin kunyatar da ɗansa?

Adalci ya bukaci a fara jin ta bakin makaranta, gama hujjarta tana da nauyi. A zamanin mishan, makarantun da suka cika sharuɗɗa suna samun tallafi daga gwamnati, ga kuma taimakon masu bi na ƙasashen waje. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi da yawa suka karɓe makarantun, a 1976 kuma aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Makarantun da ikkilisiyoyi suka sake kafawa daga baya, sau da dama a cikin ɗakunan Makarantar Lahadi, sun tashi ne da ƙafafunsu. Kuɗin da iyaye suke biya shi ne alli, shi ne benci, shi ne albashin malami. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na abinci suka haura, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000, adadin da ƙananan makarantu da yawa ba sa iya kai wa. Malamar da take koyar da aji biyu ita ma uwa ce, tana da haya, tana da tukunya. Littafin Firistoci sura 19 ya hana a kwana da hakkin ma'aikaci, Wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta nuna cewa Ubangiji yana jin kukan ma'aikatan da aka danne wa lada. Uban da ya ƙi biyan kuɗin makaranta, aljihun malama ya taɓa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma gaskiya ce, ba kowane mai bashi ne matalauci ba. Akwai wanda yake ganin tun da makarantar ta ikkilisiya ce, kayan Allah ne, ba za a matsa masa ba. Zai sami kuɗin anko na biki, zai sami na sabuwar waya, na makaranta kuwa sai «in Allah ya yarda, wata mai zuwa». Shugabannin makarantu sukan ce sun rubuta takarda ba a amsa ba, sun yi sanarwa a sujada an yi kunnen ƙashi, amma ranar da suka kori yara, kafin azahar iyaye sun cika ofis. Ba ƙarya suke yi ba. Dabarar tana aiki.

To, amma me ya sa take aiki? Domin tana yi wa yaro ciwo, uba kuwa ba ya iya jure ganin hawayen ɗansa. Ke nan an ɗauki wanda bai ci bashi ba, bai kuma iya biya ba, an mai da zafin zuciyarsa sandar da za a kora mahaifinsa da ita. A nan ne maganar ta tashi daga lissafin kuɗi ta shiga shari'ar lamiri. Maimaitawar Shari'a sura 24 da Ezekiyel sura 18 sun kafa cewa kowa da alhakin kansa, ba a ɗora wa ɗa laifin uba. Akwai kuma labarin gwauruwar nan a 2 Sarakuna sura 4, wadda mai bin mijinta bashi ya tashi zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Annabi Elisha bai ce bashin ba kome ba ne. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ya sa ta rufe ƙofa, man ya yawaita, ya ce ta sayar ta biya. An biya bashin har ƙarshe, ba a taɓa yaran ba, an kuma yi abin a bayan ƙofa, ba a bainar jama'a ba. Makarantar da take koya wa yara wannan labari a darasin addini ya kamata ta sake karanta shi a ofishin ma'aji.

Sai a duba abin daga inda yaron yake tsaye. Minti goma da suka wuce an gaya masa Allah ba ya tara, mai arziki da matalauci ɗaya suke a gabansa. Yanzu ga shi a waje da layi, abokansa suna kallonsa, wasu suna dariya a ɓoye. Ɗan shekara shida bai san bambanci tsakanin «babana bai biya ba» da «ni ban kai sauran ba». Abin da aka faɗa da baki zai manta kafin hutu, abin da aka yi masa kuwa yakan bi shi har girma. Akwai dattawa a ikkilisiya da suka manta sunan malamin da ya koya musu lissafi, amma suna tuna ranar da aka kira sunansu.

Ga kuma hanya. Ƙarfe tara na safe uba yana gona ko wurin aiki, uwa tana kasuwa, ƙofa a kulle. Yaron da iyaye suka danƙa wa makaranta amana yana yawo shi kaɗai tsakanin 'yan acaɓa da manyan motoci, a lokacin da kowa ya san halin tsaro a ƙasa. Wani yakan laɓe a kangon gini har a tashi, ya bi sahun 'yan'uwansa zuwa gida kamar ba abin da ya faru, domin ya san babu kuɗin, ba ya so ya ga fuskar mahaifiyarsa ta canja. Ƙaryarsa ta fari ke nan, tausayi ne kuma ya haife ta.

Ba bashi kaɗai ake ɗora wa yaro ba. Akwai wasiƙar da ake liƙewa a ba shi ya kai gida, wadda take ɗauke da ƙarar halinsa. Yaro ba wawa ba ne, ya san abin da yake ciki. Mai karanta 2 Sama'ila sura 11 ba ya rasa jin tsikar jikinsa ta tashi sa'ad da Uriya ya ɗauki wasiƙar Dawuda zuwa wurin Yowab, hukuncin mutuwarsa na ciki. Ba a ce malami Dawuda ne ba, nufinsa ma sau da yawa alheri ne. Amma sa mutum ya ɗauki abin da za a hukunta shi da shi jarraba ce mai nauyi, ba mamaki in wasiƙar ta ƙare a cikin kwata. In ma ta isa, sau nawa aka rubuta ta da Turanci zuwa ga uwar da Hausa take karantawa? Sai ta miƙa wa yaron ta ce ya fassara, wanda ake ƙara ya zama tafinta. Abin takaici ne ga ikkilisiyar da ta sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, ta wurin wahalar mutane irin su Likita Walter Miller na Zariya, a ce makarantarta ta kasa rubuta layi biyar cikin harshen da ake wa'azi da shi ranar Lahadi.

Wani zai ce, ai Ubangiji kansa ya ba yaro Sama'ila saƙo mai zafi game da gidan Eli. Haka ne. Amma a sura ta 2 ta 1 Sama'ila, tun kafin wannan dare, wani mutumin Allah ya riga ya je wurin Eli ya faɗa masa ido da ido. Babba ne ya fara kai maganar. Nassin kuma bai ɓoye cewa Sama'ila ya kwana da tsoron faɗa ba. Abin da Allah ya yi sau ɗaya don kiran annabi bai zama izini ga kowane ma'aji a kowane zango ba.

Iyaye ma ba su fita ba. Saƙon yakan bi hanyar nan ya koma. «Ka gaya wa malaminku ba a kan bishiya nake tsinko kuɗi ba.» «In sun tambaya, ki ce Baba ya yi tafiya,» alhali Baba yana zaune a tsakar gida. Yaron da aka aika da ƙarya yau, da wace fuska za a hore shi gobe in ya yi tasa? Wanda kuma ya ji ana zagin malaminsa a kan tabarmar cin tuwo, ya je aji washegari an ce ya girmama shi, an raba masa zuciya biyu. Yana ƙaunar gida, yana ƙaunar makaranta, an sa shi a tsakiya kamar igiyar da ƙarti biyu suke ja.

Da can ana iya fakewa da nisa. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001 wannan uzuri ya ragu ƙwarai, yau kuwa makarantu da yawa suna da zauren iyaye a WhatsApp. Yana da amfani wajen sanar da hutu da jarrabawa. Amma in aka liƙa jerin sunayen masu bashi a can, an ɗauke taron safe ne kawai an kai shi cikin waya, inda masu kallo suka fi yawa, ba ya kuma gogewa. Kakar da take riƙon marayu da ƙaramar waya mai maɓalli ba ta ma cikin zauren.

Tushen abin, in an tona, kunya ce da tsoro a tsakanin manya. Malama da uban yaro a majami'a ɗaya suke sujada. Wataƙila shi dattijon ikkilisiya ne, yana cikin kwamitin da ya ɗauke ta aiki, tana kiransa Baba. Ina za ta iya duban idonsa ta ce ana binsa, ko ɗansa yana ɗauke-ɗauke? Shi ma uban da ya gaza, nauyi yake ji ya taka zuwa ofis ya ce, «Malam, bana abin ya fi ƙarfina.» Kowannensu ya guje wa minti biyar na jin nauyi, sai nauyin ya gangara kan wanda ba shi da bakin ƙi. Kunya ado ce, amma wadda ake saye da hawayen yaro ta yi tsada. Koyarwar Yesu a Matiyu sura 18 ta sa matakin fari ya zama zuwa wurin ɗan'uwa a keɓe, daga mai magana sai wanda ake yi wa. Ba a ambaci ɗan aike ba.

Abin mamaki, kusancin nan da yake sa jin nauyi shi ne dukiyar da makarantar ikkilisiya ta fi sauran makarantu da ita. Malaman farko da aka horar a wurare irin su Gindiri, inda mishan ɗin SUM ta fara horarwa a 1934, malamai ne kuma masu bishara. A cikin ƙauye suke zaune, sun san gonar kowa, da yamma su shiga gida su gaisa. Har yanzu fasto ya san wanda aka sallama daga aiki, Zumuntar Mata ta san gidan da ake jinya. Wannan sani ya isa a rarrabe mai ƙi da mai rashi, abin da jerin sunaye ba ya iya yi. Mai rashi, ikkilisiyar da take karɓar baikon godiya na kaka ba za ta rasa abin da za ta keɓe domin 'ya'yan gwauraye ba. Mai ƙi kuwa, dattawa biyu su same shi a gidansa.

In duk an yi wannan ya ƙi fa? Makaranta ba ta da tilas ta riƙe ɗansa har abada a kan cikin malamanta. Tana iya gaya masa, shi kansa, tun da sauran lokaci, cewa in zango ya ƙare ba za ta iya ci gaba ba, domin ya nema wa yaron wuri a makarantar gwamnati, inda dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, dole ne kuma. Wannan ma da zafi, yaron zai rabu da abokansa. Amma zai gama zangonsa a kan bencinsa, ya rubuta jarrabawa tare da kowa, ya karɓi katin sakamakonsa a hannu.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da kwamitocin makarantun karkara za su iya dubawa a zamansu na gaba. Zangon farko yana buɗewa a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin manomi kuma yana kwance a gona cikin taki da ƙwadago. Dawa da gyaɗa da shinkafa ba sa zama kuɗi sai wajen Nuwamba zuwa Janairu. Yawancin sunayen da ake kira a mako na uku 'ya'yan mutanen da za su iya biya ne bayan wata biyu, wasunsu ma da buhu a kan keke, in an yarda a karɓa.