Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Wannan karin magana ba ta bukatar fashin baƙi, ko yaro ya san inda ta dosa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke jawo ta bayan mun riga mun yanke hukunci da ido, don ta zame mana shaida. Haka na ji an yi kwanan baya, a wajen baje kolin fasahar ɗalibai na wata sakandare a Katsina.

Malamin kimiyya ne ya ba 'yan ajinsa aikin ƙera na'urar da za ta ware sulalla, kowane iri ya faɗa gurbinsa. Sulallan ma sai da aka sha wuyar samu. Tun 2007 da Babban Bankin Najeriya ya fito da kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ba su yi wani tasiri a kasuwa ba, yau ko mai ruwan leda ka miƙa wa sai ya yi maka kallon mai taɓin hankali. Saboda haka aka koma kan sefa, aka samo wajen masu zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, tunda a Nijar har gobe da su ake sayen ƙosai.

Wani rukuni ya kawo akwatin katako, da gilashi a gaba, ya sha fenti yana ƙyalli. Ko makaho ya shafa ya san hannun kafinta ne. Babban baƙo ya jefa sulalla uku, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sauka inda ya dace. Aka tafa. Ya juyo ga jama'a ya ce, "To kun gani, sai an gwada akan san na ƙwarai." Da ya iso teburin wasu 'yan mata da suka haɗa tasu da kwalin taliya, lokaci ya ƙure, sai ya juye sauran sulallan da ke hannunsa gaba ɗaya. Suka cunkushe a baki. Ya yi murmushi ya wuce.

Bayan an watse na tsaya wurin 'yan matan, na tambayi shugabarsu me ya faru. Ta ce, "Baba, ai ba a zuba mata da yawa. In biyu suka hau juna, na sama ba ya ganin raminsa." Ta zaro kwalin daga baya ta nuna mini cikinsa. Allo ne aka karkata, an huda ramuka a jere, sulai yana gangarowa har ya tarar da ramin farko da zai haɗiye shi, kamar dai tankaɗe da rariya, sai dai nan rariyar bakwai ce. Ta ce da fari sun jera ramukan bisa daraja, daga dala zuwa dala ɗari a lissafin sefa, sai dala goma ta riƙa faɗawa ramin dala biyu, dala ashirin kuma ramin dala biyar. Sai da suka ɗauko rula suka gane girman sefa ba ya bin darajarsa. Dala faɗinta milimita 20, dala goma 22, dala biyu ta ɗara 23, dala arba'in wajen 24 da rabi, dala ashirin 26, dala biyar 27, dala ɗari 28. Wato tsakanin ukun ƙarshe milimita ɗaiɗai ne, kuma da reza za a yanke wannan bambanci a jikin kwali. In hannu ya ɗan goce, an yi asarar allon. Ga kuma gangara: in ta yi tsaye da yawa sulai ya tsallake raminsa da gudu, in ta kwanta ya tsaya a hanya yana jiran a tura shi. Bakin ramin kuwa yana cinyewa in sulalla sun yi ta gogarsa, shi ya sa suka yanko gwangwanin madara suka liƙa a gefen da yake gangarawa. Ranar da aka yi ruwa kwalin ya sha laima ya kumbura, komai ya rikice. Ta ɗauko dala hamsin, mai launi biyun nan, ta aza a kan dala goma, kusan sak. Ta ce, "Wannan mun cire ta. Rami ba zai raba su ba, sai dai a nemi wata dabara." Duk wannan a tsaye ta faɗa, ba takarda.

Na koma wurin masu akwatin katako na tambayi ɗaya daga cikinsu dalilin da ƙaramin rami ke zuwa farko. Ya dubi ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya dubi ƙasa.

A nan raina yake so in buga tebur in ce ga na ƙwarai can a kwalin taliya. Sulalla uku a gaban baƙi ba gwaji ba ne, nuni ne. Kuma makaranta ba shagon sayar da akwati ba ce, yaro aka kawo a auna. In uba ya biya kafinta, kafinta aka gwada, shi kuwa ba ya cikin rajistar aji.

Sai dai wata zuciyar ta ƙi bari in huta. Na'ura an yi ta ne don ta yi aiki. Mai shago a Maraɗi da ya kulle da daddare da kwano cike da canji ba zai tsaya jefa su ɗaiɗai ba, juyewa zai yi kamar yadda babban baƙo ya juye. In haka ne, gwajin da ya yi wa kwalin shi ne gwajin gaskiya, kuma kwalin ya faɗi. Iya bayanin dalilin faɗuwa ba ya mayar da faɗuwa nasara. Abin da kawai zan iya cewa shi ne ba a yi wa akwatin katakon irin wannan juyen ba, don haka babu wanda ya san abin da zai yi.

Shi ma yaron da ya yi shiru, tambaya ɗaya ce daga bakin baƙon dattijo, kuma yaranmu da yawa an hore su da sunkuyar da kai a gaban manya. Wataƙila ya wuni a shagon kafinta yana riƙe katako, ya ga yadda ake saita zarto, ya ɗebi abin da bakinsa bai iya faɗa ba. Ai haka akasarin masu sana'ar ƙasar nan suka koya, da kallo da miƙo guduma. Malamin nasu, da ɗalibai cike da aji da sakamakon da ake jira ya miƙa kafin hutu, ban ga lokacin da zai zauna ya ba kowane yaro reza da kwali ya ce yanke mini ramin dala biyar in gani ba. In ma ya samu lokacin, wanda hannunsa ke rawa don tsoro zai ɓata ramin, a rubuta masa faɗuwa, alhali a gida ya yanke shi daidai.