Ilmin Ɗura Da Ilmin Nema

A shekarar farko da na shigo jami'a aka karantar da mu ruwayar nan ta Abagayawa, watau cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, har ya yada zango a gindin Dala. Aka kuma gaya mana masu tonon kayan tarihi sun sami alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Na rubuta, na haddace, na zuba a jarrabawa, na ci. Shi ke nan, ban sake tunawa da zancen ba.

Abin kunyar shi ne, ni mutumin Gafasa ne, ga mu ga Gaya, kuma tun ina yaro nake wuce maƙera. Sai a hutun bara, da aka aike ni kai gyaran fartanya, na zauna ina ja wa wani dattijo zugazugi. Na ce, "Baba, wai ina kuke samun tama?" Ya yi dariya, ya ce shi tun da ya tashi da ƙarfen tsohuwar mota yake ƙira, tama kuwa kakansa ne ya narka ta. Daga nan tambaya ta haifi tambaya. Don me gawayin ƙirya, ba na kowane ice ba? Yaya ake gane ƙarfe ya yi, tun ba a ɗora shi a uwar maƙera ba? Ya ce da ido, launin jansa ake dubawa. Har la'asar ina nan. Ya kuma ce rabin abin da kakan nasa ya sani ya bi shi kabari, domin babu wanda ya tambaye shi.

To, a nan tambayata take, ya kai mai karatu. Abin da na haddace a aji da abin da na ji a maƙera, duka sunansu ilmi? A ganina na farko ɗura ne, irin wadda ake yi wa jinjiri. Yana shiga ciki kam, amma ba da yunwa aka ci ba, shi ya sa ba ya zama a jiki. Na biyu kuwa ni na ji ƙishinsa, har yau kuma ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba.

Na san wani zai ce ai ilmi a bakin malami ake ɗaukarsa, wanda ya ce zai gano komai da kansa ƙarshensa ɓata. Gaskiya ne, ba na musu. Ba don darasin nan na aji ba, da ban ma san akwai abin tambaya a maƙera ba. Amma a dubi makarantar zaure. Almajiri shi ke zaɓen littafinsa, shi ke zaɓen malamin da zai durƙusa a gabansa, in ya sauke ya ƙara gaba. Malami na nan, amma ƙafar ɗalibi ce ke yin tafiyar. Haka Muhammadu al-Katsinawi ya bar Katsina ya nufi gabas, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Babu mai jarrabawar da ya sa shi.

Mu Hausawa da bakinmu muke cewa matambayi ba ya ɓata, amma da yaro ya jera tambaya uku sai a ce ya cika shisshigi. Da wannan tarbiyya muke zuwa nan, malami ya ce akwai mai tambaya, aji ya yi tsit, ni ma a cikinsu. In ma an daure an yi, ba ta wuce, "Malam, zai fito a jarrabawa?"

Hutun nan mai zuwa zan koma maƙerar da littafi da alƙalami, in Allah ya sa na tarar da dattijon. Har yanzu ban tambaye shi inda kakansa yake haƙo tamar ba.